Giwan ruwa a tabkunan jihar Tawa: kifin kogi da ɗan Adam ya kai tudu

Giwan ruwa shi ne kifin da ake kira capitaine a Faransancin Nijar, masana kuma suna ce masa Lates niloticus. Yana cikin manyan kifayen ruwan daɗi na Afirka, domin wanda ya samu ruwa mai zurfi da abinci da shekaru yana iya kusan kaiwa mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200. A kasuwannin Konni da Malbaza da Illela ba a ganin irin wannan ƙato. Abin da ke zuwa kan teburin masu sayarwa ɗan madaidaici ne, amma ko shi ya fi tarwaɗa da karfasa daraja, saboda tsokarsa fara ce, mai kauri, ba ta da ƙananan ƙayoyi.

Asalinsa kifin manyan koguna ne da manyan tabkuna: kogin Neja, tabkin Cadi, kogin Senegal, Volta, Nilu, Kwango da tabkin Turkana. Jihar Tawa ba ta da kogin da ke gudu shekara zagaye. Duk giwan ruwan da aka kama a tabkunanta, shi ko kakanninsa, hannun mutum ne ya kawo su cikin ganguna ya zuba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai son fahimtar wannan kifi a nan ya riƙe, domin ruwan da aka zuba wa kifi da hannu, in ya ƙare, ba shi da kogin da zai sake aiko masa da iri.

Kamanninsa da halinsa

Jikinsa fari ne mai walƙiya kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu. Bakinsa faɗi gare shi, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, idonsa baƙi da zoben rawaya a kewaye. Ƙayar bayansa kashi biyu ce, ta gaba mai tsini ta baya mai laushi, wutsiyarsa kuma a zagaye take. A gefen kumatunsa akwai ƙashi mai kaifi wanda ke yanke zare, yana kuma yanke hannun wanda ya kama shi da garaje. Ƴaƴansa ba su yi kama da shi sosai ba: suna da zane-zane masu ruwan ƙasa, suna zama a bakin ruwa cikin ciyawa. Saboda haka ne yara da masu ƙaramar raga kan kwashe su tare da sauran ƙananan kifi ba tare da sun gane abin da suka kama ba.

Mafarauci ne. Yana ƙarami yana cin ƙwarin ruwa da ƴan mitsi-mitsin halittun da ido ba ya gani sosai, da ya tasa sai ya koma cin kifi, har da ƴan uwansa. Ba ya yawan bin abinci da gudu mai nisa. Laɓewa yake yi kusa da dutse ko kututturen icen da ruwa ya shanye ko bakin rami, in kifi ya gifta sai ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwan. Ya fi fita da asuba da kuma almuru.

Akwai abubuwa biyu a halittarsa waɗanda duk sauran maganar ta rataya a kansu. Na farko, ba ya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, gaiwa kuma takan shige cikin laka ta kwana watanni har ruwa ya dawo. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru. In tabki ya janye a watan Afrilu da Mayu, ruwan ya yi zafi ya yi kauri, shi ne kan fara tasowa sama ciki a buɗe. Ko a tabkin Victoria, da duk girmansa, an sha ganin giwan ruwa suna mutuwa da yawa lokacin da ruwan ƙasa maras iska ya juyo sama. Na biyu, ba ya saurin haihuwa. Namiji kan balaga ne bayan ya kai wajen rabin mita, mace kuma sai ta fi haka, kuma manya-manyan da ake kamawa galibinsu mata ne. Babbar mace guda tana iya ɗauke da ƙwai miliyoyi, ninkin-ba-ninkin abin da matashiya ke zubawa.

Ɗan uwansa na bakin tekun Amurka

A gaɓar tekun Atlantika ta ɓangaren Amurka, daga Florida har zuwa Brazil, akwai kifin da masu Turancin Ingilishi ke kira snook, masu Sifaniyanci kuma róbalo. Wanda ya san giwan ruwa, in aka nuna masa hotonsa, zai ce ƙaninsa ne da ya rame: baki iri ɗaya, muƙamuƙi iri ɗaya, ƙashin kumatu mai kaifi iri ɗaya, sai dai shi siriri ne, wutsiyarsa a rabe, da baƙin layi daga kai zuwa wutsiya. Kamar ba ta ido kaɗai ba ce. Tsofaffin littattafan kimiyya sun daɗe suna sa su cikin dangi guda mai suna Centropomidae, sai a farkon shekarun 2000 aka ware giwan ruwa da barramundi na Asiya da Ostareliya aka ba su nasu dangin, Latidae.

Snook ba ya shiga tsakiyar teku. Yana zama a bakin gaɓa, inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, cikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwa, ƙarƙashin gadoji da matsayar jiragen ruwa. Masu kama shi suna lura da lokacin da teku ke cikowa da janyewa, saboda ruwa mai gudu shi ke kawo masa ƙananan kifi da jatan lande har inda ya laɓe. Ba ya kai giwan ruwa girma ko kusa. Wanda aka daɗe ana ambata a matsayin mafi nauyi da aka kama da ƙugiya, a Costa Rica a 1978, kilo 24 ne da ɗoriya. Yana da wata halitta ta ban mamaki: yakan fara rayuwa a namiji, da yawansu kuma su rikiɗe su zama mata bayan sun girma. Shi kuma abin da ke kashe shi sanyi ne. A watan Janairun 2010 wani sanyi mai tsanani ya kashe su da yawa a Florida, har hukuma ta hana ɗaukarsu, a gaɓar yamma kuma hanin bai tashi ba sai a 2013.

Abin da ya sa labarinsa ya shafi masuncin Ɗan Dutsi ko Tabalak shi ne dokar da aka kafa masa. Tun 1957 Florida ta hana sayar da shi. Mai lasisi yana da damar ɗaukar guda ɗaya a rana, a lokacin da aka buɗe, kuma sai tsawonsa ya faɗa tsakanin santimita 71 da 81 a gaɓar gabas, ko 84 a ta yamma. Wanda bai kai ba a mayar da shi ruwa, wanda ya wuce ma a mayar da shi. Ƙarami bai haihu ba tukuna, babba kuma uwa ce. Hana sayarwa dai ba abin kwaikwayo ba ne ga mutumin da kifi ne hatsin gidansa, Ba'amurke don nishaɗi yake jefa ƙugiya. Amma iyaka ta ƙasa da ta sama ba sai mai kuɗi ke iya bin ta ba. Ƙasashen Uganda da Kenya da Tanzaniya sun taɓa kafa irinta ga giwan ruwa kansa a tabkin Victoria, daga santimita 50 zuwa 85, kuma can sana'a ake yi ba wasa ba.

Ruwayen yankin

Ƙoramar Maggiya ita ce ƙashin bayan ruwan Malbaza da Konni. Tana tasowa daga tuddan Adar, tana gudu da damana kawai, ta ratsa ta yi kudu maso yamma har ta faɗa tabkin Kalmalo a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato. Illela biyu ce, kuma baƙi kan rikice: akwai ta Nijar da ke arewa, akwai ta Najeriya da ke fuskantar Konni a tsallaken iyaka. A kan Maggiya ne aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gonakin noman rani na Konni ta hanyar tabkin ajiya na Cerasa. An yi wannan aiki tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, gonakin sun haura hekta 2,400, hukumar ONAHA ke kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. A ɓangaren Galmi ma akwai madatsar da ke shayar da albasa.

Ana su a waɗannan ruwaye, amma ba don kifi aka gina su ba. Ruwan na albasa ne da alkama da sauran kayan rani, ana buɗe shi ana ja tun daga ƙarshen damana, zuwa bazara sai ya koma ɗan kaɗan. Ga kuma laka da yashi da ƙoramu ke kwasowa daga tuddan da suka rasa itatuwa, suna cike gindin madatsun shekara bayan shekara. Irin wannan ruwa ya fi karɓar tarwaɗa da karfasa. Kalmalo kuwa, wanda dattawan iyaka ke tunawa da kifinsa, ya ja baya ƙwarai, shekaru da dama ƙafewa yake yi.

Inda giwan ruwa ya yi suna a jihar shi ne manyan tabkuna biyu. Na farko tabkin Ɗan Dutsi, wanda yake cikin gundumar Illela har zuwa 2011, lokacin da aka ware Bagaruwa ta zama gunduma, a shekarar da aka ware Malbaza daga Konni. Kafin 1974 ɗan tabki ne na damana, gonakin gero da dawa sun kewaye shi. Da farin shekarun nan ya karye, ruwa ya sauko da ƙarfi ya cika kwarin, bai kuma sake tafiya kamar da ba. Bayan damana yakan rufe wajen hekta 1,800, amma matsakaicin zurfinsa bai kai mita 2 ba. An zuba masa karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da giwan ruwa, manoma da yawa suka koyi su, baƙin masunta kuma suka zo daga Najeriya da wasu wurare. Na biyu tabkin Tabalak, a gundumar Abalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, inda matafiyi ke iske soyayyen kifi a bakin titi a ƙasar da bai zaci ko kwaɗo ba. Ranar 16 ga Satumban 2005 aka sa duka biyun a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971.

Zurfin da bai kai mita 2 ba ƙaramin ruwa ne ga kifin da ya saba da ramukan kogin Neja. Abin da ke ceton giwan ruwa a irin wannan tabki shi ne ƴan wurare masu zurfi da ke tsakiya, inda ruwa ke saura da sanyinsa a bazara. Duk ƙoramar da ta zubo yashi cikin tabkin, waɗannan ramuka take fara cikewa. Shi ya sa aikin tare zaizayar ƙasa a kan tudu, jera duwatsu da haƙa rabin wata da dasa itace, aikin kifi ne ko da mai yin sa bai taɓa riƙe raga ba. Kacalla ma, in ta mamaye bakin ruwa, tana hana jirgi wucewa, ruɓaɓɓen ganyenta kuma yana cinye iskar ruwan.

Yadda ake kama shi

Kayan aikin su a nan sanannu ne: raga da ake shimfiɗawa ta kwana, birgi da ake jefawa, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, gura, da fatsa. Giwan ruwa ya fi faɗawa raga mai manyan idanu ko ƙugiyar da aka sa wa ɗan kifi mai rai, domin abin da ke motsi yake kai wa hari. Gwanin masunci ba ya zuba kayansa ko'ina. Yana neman bakin rami, tsohon icen da ruwa ya ci, gindin dutse, ko mashigar ƙorama bayan an yi ruwa, lokacin da sabon ruwa ke koro ƙananan kifi. Wannan shi ne abin da cikowar teku ke yi wa mai kamun snook, sai dai a tabki sau kaɗan ake samunsa a shekara. In babba ya kamu, yakan yi tsalle ya girgiza kai da baki a buɗe, a nan ne ƙugiya ke fita ko zare ya tsinke a kan ƙashin kumatu.

Wanda ke son ganin girman da kifin ke kaiwa in an bar shi, sai ya dubi Argungu a jihar Kabi. A bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, dubban mutane ke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora, kuma giwan ruwa ne kan ci gasa. Na 2020 ya kai kilo 78. Mutane kan danganta wannan da asirin Sarkin Ruwa. Abin da ido ke gani shi ne, wurin a rufe yake, ba a su a cikinsa sai ranar biki.

Doka

Dokar su ta Nijar mai lamba 98-042 ta ranar 7 ga Disamban 1998 ta ɗora wa mai sana'ar neman lasisi, ta hana su da guba da nakiya da wutar lantarki, ta hana tarun da ke share gindin ruwa, ta kuma hana ragar da idonta bai kai yatsu uku ba, wato santimita 6 in an ja shi. A 2021 an yi sabuwar doka da ta haɗa har da kiwon kifi. Ma'aikatan gandun daji ne ke sa ido, su ne kuma ke jagorantar zuba iri a tabkuna tare da ƙungiyoyin masunta, waɗanda kan rufe su na wasu watanni don kifi ya hayayyafa.

Yatsu uku ma'auni ne da aka yi don kifi gaba ɗaya, kuma ya dace da karfasa, wadda ke haihuwa tun tana kamar tafin hannu. Ga giwan ruwa bai isa ba. Ragar da ta cika sharaɗin doka tsaf tana kama shi tun yana ɗan shekara guda, da sauran tafiya mai nisa kafin ya zuba ƙwai ko sau ɗaya. Ba a maganar gidan sauro da wasu ke mayarwa taru, wanda ba ya barin komai. Ta sama kuma, babbar macen da ta tsira shekara biyar ko shida ita ce kamun da kowa ke addu'ar samu, domin kuɗinta kan biya bashin raga. Ba wanda zai ga laifin mai iyali da ya fito da ita. Amma a rufaffen tabki irin waɗannan mata ƙidayayyu ne, kuma ƙungiyar masuntan da ta amince a tsakaninta a kan tsawon da za a mayar ruwa, da ramin da ba za a taɓa ba a bazara, ta yi abin da ma'aikaci guda mai babur guda ba zai iya tilasta mata ba.

Shin ya kamata a zuba shi ko'ina?

A'a. Labarin tabkin Victoria ya isa gargaɗi. An shigar da giwan ruwa can a shekarun 1950, ya yi shiru na wani lokaci, a shekarun 1980 ya mamaye tabkin. Masana'antun fitar da tsokarsa zuwa Turai sun bunƙasa, amma nau'o'in ƙananan kifi na asalin tabkin, wajen 200 ko fiye, sun ɓace ko sun kusa. Fim ɗin Le Cauchemar de Darwin na Hubert Sauper, wanda ya fito a 2004, a kan wannan ya yi magana, ko da yake hukumomin Tanzaniya sun yi fushi da shi.

Tabkunan Tawa ba su da irin wannan dukiya ta asali da za a yi hasara, tunda yawancin kifinsu zubawa aka yi. A nan lissafin na abinci ne. Kafin giwan ruwa ya ƙara kilo guda sai ya ci kiloli na ƙananan kifi. A babban tabki wannan yana da amfani, saboda karfasa in ba ta da mai cin ta takan yi yawa ta tsumbure, a yi ta kama ƴan ƙanana marasa kuɗi. Giwan ruwa yana rage ta, saura su samu abinci su girma. A ƙaramin tabkin da ke ƙafewa a Maris kuwa, zuba shi ɓarna ce sau biyu: ya cinye irin da aka zuba, sannan ya mutu kafin ya kai girman kasuwa. Irin wannan ruwa tarwaɗa ce ta dace da shi.

Kasuwa

Ɗanyen giwan ruwa yana son ƙanƙara da mota mai sauri, shi ya sa dillalai ke jira a bakin tabki da sassafe su kwashe manya zuwa Tawa da Konni da Yamai, inda gidajen abinci ke gasa shi ko su yi tsire da shi. Abin da ya rage mata ke soyawa, ko a yi banda a kai Najeriya. Bandarsa tana cin itace fiye da ta tarwaɗa saboda kaurin tsoka da mai, kuma itacen daga tuddan da ke kewaye da tabkin yake fitowa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan takunkumin CEDEAO a 2023, duk sun taɓa wannan ciniki kamar yadda suka taɓa na albasa da dabbobi.

Akwai wani ɓangaren jikinsa da ya zama haja mai zaman kanta a duniya, wato jakar iskar da ke cikin cikinsa. Ana busar da ita a kai Sin da Hong Kong, inda ake miya da ita, kuma a gabashin Afirka ta babban kifi takan fi tsokarsa duka kuɗi. Wannan ciniki shi ne ya ƙara tsananta farautar manyan mata a tabkin Victoria.

Mai saye kuma ya lura da abu guda. A biranen bakin teku irin su Dakar da Abijan da Kwatano, sunan capitaine na wasu kifayen teku ne daban, don haka daskararren kifin kwali mai wannan suna ba lallai ne giwan ruwa ba. Na gaske ana gane shi da zagayayyar wutsiya da zoben rawaya a ido. In sabo ne, idon a cike yake yana sheƙi, cikin kumatunsa ja ne, tsokar kuma in an danna ta da yatsa takan dawo.